Takardar da Ta Sare Jemar Baba Ndagi

Haƙƙin da ke wuyan ma'aikacin rajista ba shi da yawa, amma ba shi da sauƙi. Duk takardar da ta shigo ofis ko ta fita, ya rubuta ta yadda take, da ranarta da sunan wanda ya sa mata hannu, kuma ranar da aka tambaye shi ya faɗi abin da ya rubuta, ko da ba a son ji. Akwai haƙƙi na biyu, wanda ke wuyan ofis gaba ɗaya: idan ƙaramin ma'aikaci ya bi umarnin da aka ba shi a rubuce, ofis ne ke ɗaukar nauyin abin da ya biyo baya, ba shi ba. Na farkon, rabinsa kawai na sauke. Na biyun kuwa har yau ba a sauke shi ba. Dalilin da ya sa ke nan nake rubuta wannan bayani ga abokan aikina na sashen kula da magudanan ruwa, musamman waɗanda aka ɗauka kwanan nan, tare da kwafi ga kwamitin ladabtarwa.

Fiye da shekara ashirin ina riƙe da rajistar wannan sashe a Minna. A cikinsu duka, ranar da ta ƙi fita daga raina ita ce wata Alhamis ta farkon damina, da na tsaya a bakin tafkin bayan kasuwa a Sauka Kahuta da fayil a hammata, aka yi tambayar da na san amsarta, na yi shiru.

Ga wanda bai san wurin ba, tafkin ba na Allah-da-ikonsa ba ne, haƙa shi aka yi. Idan aka yi ruwa mai ƙarfi, kwatocin unguwar da na kasuwa sukan zubo masa gaba ɗaya, ya riƙe ruwan na ɗan lokaci, sannan ya sake shi a hankali ta wata kwalbati zuwa rafin da ke gangarawa kogin Chanchaga. Amfaninsa ke nan da farko: kada ruwa ya shiga gidajen mutane. Amma abin da ya shiga cikinsa shi ne yake fita, da laka da leda da baƙin man gareji da ruwan wankin mahauta. Da rani kuma ya zama ramin wari da sauro. A ƙasa da shi akwai masu lambu, yawancinsu Gwarawa da suka gaji wurin, waɗanda da wannan rafi suke ban ruwa.

Sai aka turo mana Injiniya Rahila, wadda ta karanci harkar ruwa da muhalli. Ita ta kawo tsarin gyaran tafkin, kuma ni na buɗe fayil ɗin aikin, don haka na san shi shafi-shafi. A mashigar ruwa aka haƙa ɗan ƙaramin rami aka jera masa duwatsu, domin ruwa ya rage gudu, laka da shara su kwanta a inda za a iya kwashe su da shebur. Daga nan aka karkata hanyar ruwan ta yi kwana-kwana maimakon miƙewa, aka dasa kyauro a inda ba zurfi, aka sa bado a inda ruwa ke zama, aka bi gefen tafkin da ciyawar jema layi-layi, domin saiwarta na nutsawa ƙasa sosai ta riƙe gaɓa ta kuma tace abin da ke bi ta cikinta. A can gefe aka dasa giyayya don inuwa. Injiniya ta hana a kawo ciyawar kacala ko da tushe ɗaya, ta ce ita idan ta shiga wuri ba ta barin kowa.

Wanda ya yi dashen da hannunsa shi ne Baba Ndagi, heluman leburorinmu, wato shugabansu a fagen aiki. Banufe ne daga wajen Bida, ya girme ni da kusan shekara goma, kuma saura masa wata takwas ya yi ritaya lokacin da abin ya faru. Ni kuwa iyayena Katsinawa ne, ko da yake a Dutsen Kura nan Minna aka haife ni, saboda haka tsakanina da shi wasan Banufe da Bakatsine ne tun ranar da muka haɗu. Bai taɓa shigowa ofishina da sallama kaɗai ba.

"Ina bawana mai biro?" in ji shi kullum. "Ka rubuta cewa ubangidanka ya iso."

Ni kuma in ce, "Baba, a rajista ba na shigar da masunta. Ka koma kogi."

Da farko shi ma dariya ya yi wa aikin. Ya ce wa Injiniya, "Ranki ya daɗe, shekara talatin gwamnati tana biyana in sare ciyawa, yau kuma za ta biya ni in shuka ta?" Amma mutumin bakin kogi ne. Shi ya je fadama ya zaɓo tushen jemar, shi ya san zurfin da bado ke so, shi ya kawo 'ya'yan karfasa da tarwaɗa a bokiti ya zuba don su cinye tsutsar sauro. Zuwa damina ta biyu, ruwan da ke shiga baƙi yana fita ta kwalbati ana ganin yashin ƙasansa. Kwaɗi suka dawo, balbelu suka riƙa kwana a giyayya, har wani zalɓe guda ya mai da wurin gidansa, Baba ya raɗa masa suna Darakta, wai don yana tsayawa da ƙafa ɗaya yana kallon masu aiki. Wata mai lambu da ake kira Mama Ladi ta taɓa zuwa ofis da ɗaurin alayyafo, ta ce a ba wanda ya wanke musu rafi.

A nan dole in bayyana yadda aikin sharar magudanai ke tafiya, domin a nan matsalar take. Sashenmu yana da jerin wuraren da ake sharewa, takarda ɗaya ce da ake ta kwafa shekara da shekaru. Ƙa'idarta a sarari take: duk tsiron da aka tarar a wurin da ke cikin jerin, a cire shi. Idan za a yi shara, ofishin Mataimakin Darakta yakan fitar da takardar umarnin aiki, ta biyo ta wurina in ba ta lamba in buga hatimi in shigar da ita rajista. Kwafi uku ake yi. Fara ta heluma ce, shuɗiya ta zauna a fayil, rawaya ta tafi sito don a fitar da kayan aiki. Tafkin bayan kasuwa yana cikin wannan jeri tun yana ramin shara, kuma da aka gyara shi babu wanda ya cire sunansa.

Na lura da haka. Sau biyu na rubuta a fayil ina neman a cire shi, a yi masa nasa tsarin kulawa daban. Injiniya ma ta rubuta sau ɗaya. Duk sau ukun amsa ɗaya ta dawo da jan biro: a ajiye, za a duba. Abin da ya kare tafkin a wannan tsakani ba takarda ba ce, Baba Ndagi ne, wanda idan aka zo kansa a jerin yakan kwashe leda da laka kawai ya wuce.

Sai labari ya zo cewa baƙi za su zo duba tafkin, daga ƙungiyar da ta tallafa wa aikin, tare da wasu manya daga Abuja. Injiniya ta tafi can don ta taho da su. Kowa a cikinku ya san abin da muke yi idan baƙi za su zo. A sare, a share, a ƙone, a shafa farar ƙasa a jikin duwatsu da gindin bishiyoyi. Haka muka tarar, haka muke yi, kuma ba wanda ya taɓa tambayar dalili.

Ran Litinin da safe takardar umarni ta iso teburina. Wuri ɗaya ne a cikinta, tafkin bayan kasuwa, kuma a ƙasa an ƙara da hannu cewa a share shi tas kafin Alhamis. Ban buga hatimi ba. Na ɗauke ta na hau sama ofishin Mataimakin Darakta, na tarar Baba Ndagi ya riga ni, yana tsaye da hularsa a hannu.

"Ranka ya daɗe," in ji shi, "wannan ba ciyawar banza ba ce. Shuka ce. Mu muka dasa."

Mataimakin Darakta ya ce, "Jiya na bi ta wurin, Baba. Daji ne. Ko kankaren ba a gani. Mutane su taso tun daga Abuja su tarar da daji a tsakiyar gari, su ce me muke yi da ma'aikata? In maciji ya fito gaban baƙo, kai za ka amsa?"

Na ce, "Ranka ya daɗe, akwai bayanai uku a fayil kan wannan wuri. Ina roƙon a jira Injiniya."

Ya kira ta a waya a gabanmu. Na ji abin da ya ce mata, kuma na rubuta shi a littafina da na sauko: cewa za a ɗan gyara gefe-gefe ne kawai don baƙi. Ta ce to, a kula da shukokin. Ya ajiye waya ya ce mana, "Kun ji, ta yarda."

Ba na zargin mutumin nan da mugunta, kuma ina so a rubuta haka. Ya yi imani har zuciyarsa cewa wuri mai kyau shi ne wurin da ba tsiro. Haka aka koya masa, haka aka koya mini. Amma abin da ya faɗa a waya ba shi ne abin da ke cikin takarda ba, kuma mu uku mun san haka.

Baba ya ce, "To, a ba ni a rubuce."

Mataimakin Darakta ya ce, "Ga shi nan a hannun akawu. Malam, buga hatimi, kada ka ɓata mana lokaci."

Na buga. Na ba ta lamba, na shigar da ita rajista, na rubuta a gefe cewa heluma da ma'aikacin rajista sun nuna rashin amincewa. A lokacin na ɗauka wannan layi ɗaya ya wanke ni. Da nake miƙa wa Baba farar takardarsa, ya dube ni ya ce, "Bakatsine, yau biron naka ya fi addata kaifi." Ya faɗe shi kamar wasa, amma bai yi dariya ba.

Kwana biyu suka yi suna aikin. Aka tumɓuke kyauro, aka janyo bado da ƙugiya aka tara a gefe, aka kwashe duwatsun mashigar ruwa aka jera su a bakin hanya aka shafa musu farar ƙasa. Ran Laraba da yamma na bi ta tafkin, na ga wurin fili fetal, kamar kan da aka yi wa aski. Jemar kuwa Baba bai bar kowa ya taɓa ta ba, shi ya yanke ta da kansa da lauje, tushe bayan tushe. Ban fahimci dalilin ba sai daga baya.

Ran Alhamis baƙi suka iso wajen ƙarfe goma sha ɗaya. Injiniya ce ta fara fitowa daga mota. Ta yi taku uku ta tsaya. Shugabar baƙin, wata dattijuwa mai tabarau, tana riƙe da hotunan wurin da aka aika musu bara. Ta dubi hoto, ta dubi tafki, ta tambaya ko an kawo su wurin da ba shi ba ne. Ashe abin da suka zo gani ke nan, jema da bado da tsuntsaye, domin suna son a yi irinsa a wasu garuruwa.

Ta ce, "Wa ya ba da umarnin a yi wannan?"

Mataimakin Darakta ya ce leburori ne suka wuce gona da iri, an ce su gyara gefe, suka share duka, kuma za a hukunta wanda ke da alhaki. Baba Ndagi yana tsaye a bayanmu cikin sabuwar rigar aikin da aka raba don ranar. Turancin bai gama ji ba, amma ya ga duk idanu sun juyo kansa. Ya dube ni. Shuɗiyar takardar tana cikin fayil ɗin da ke hammatata. Na gaya wa kaina cewa ba a kunyata ofis a gaban baƙi, cewa za a gyara maganar a cikin gida. Na sunkuyar da kai.

Ba a gyara ba. Washegari aka karɓi farar takardar daga hannun Baba, wai za a duba, ba a mayar masa ba. Aka aiko a ɗauki fayil ɗin daga wurina, ya kwana biyu a sama, ya dawo babu shuɗiyar. A makon da ya biyo aka ba shi takardar tuhuma kan lalata dukiyar gwamnati, aka dakatar da shi, aka hana shi shiga harabar tafkin. Ga wanda bai sani ba, idan kwamiti ya tabbatar da irin wannan tuhuma, kora ce, kuma wanda aka kora ba ya fita da takardar ritaya. Mutumin da ya yi shekara talatin da wani abu babu tuhuma ko ɗaya a fayil ɗinsa zai koma Bida da sunan mai ɓarna, a kan abin da shi ya dasa kuma shi ya roƙa a bari.

Kwana tara bayan zuwan baƙi aka yi ruwan farko mai ƙarfi. Babu duwatsun da za su tare shi, babu kyauron da zai tace shi. Ya shiga da lakarsa da mansa ya fita da su. Kifayen suka taso sama a mace. Mama Ladi ta sake zuwa ofis, wannan karon da alayyafo a cikin kwano, ganyensa duk baƙin mai. Ta ajiye a kan teburina ta ce, "Ɗana, ba sayarwa na kawo ba. Ku ci ku ji." Ta tambayi ina dattijon tafki. Na ce yana gida. Ta ce, "An ce shi ya yi. Ni ban yarda ba. Wanda ya shuka ba ya yin haka sai an sa shi." Matar da ba ta taɓa ganin rajistata ba ta faɗi abin da ke cikinta, ni mai riƙe da ita ban faɗa ba.

Bayan haka aka aiko mini da saƙo ta baki, ba a rubuce ba, cewa shafin rajistar na wannan mako ya yi datti da rubuce-rubucen gefe, in sake kwafe shi da tsabta. Na ce a kawo mini umarnin a rubuce, in ba shi lamba, in shigar da shi a shafin da ke biye. Ba a sake tayar da maganar ba. Tun daga ranar rajistar take kwana a cikin akwatin ƙarfe, makullin yana aljihuna. Na kuma je sito na tarar rawayar takardar tana nan, da jerin adduna da buhunan farar ƙasa da aka fitar, da sa hannun da ya ba da izini. Wanda ya tattara takardu ya manta cewa uku ake yi.

Ran Asabar ɗin da ta wuce na je gidan Baba a Chanchaga. Na same shi a zaure yana gyaran wata tsohuwar komar kamun kifi. Na yi sallama, ya amsa, ya ce, "Sannu da zuwa, Malam." Shekara ashirin bai taɓa kirana Malam ba. Da ya zage ni da ya fi mini sauƙi.

Na ce, "Baba, na zo neman gafara. Takardar tana hannuna ranar nan."

Ya ce, "Na sani. Na ga fayil ɗin a hammatarka." Ya ci gaba da ɗinkinsa. Can ya ce, "Ka bi ta tafki?"

"Na bi jiya."

"Jemar fa?"

Na ce ta tofo, layi-layi, kore shar, har ta kai gwiwa.

Ya ajiye komar. Ya ce, "Takarda ta ce a share. Ba ta ce a haƙa ba. Na bar mata taƙi ɗaya a sama, saiwar kuma tana ƙasa. Yaran nan da sun sa fartanya." Sannan ya ce, "A cikin sati biyun nan ya kamata a raba tushen a cike inda ruwa ya ci. In an wuce haka, gaɓar arewa za ta zube. Ka gaya wa Injiniya. Ka rubuta, bawana, kada ka manta."

Na rubuta a gabansa.

Abin da wannan al'amari ya koya mini game da aikinmu, ku matasa, shi ne an horar da mu mu ɗauki kowane tsiro a matsayin abokin gaba, alhali yanzu ana ba mu wuraren da tsiron shi ne injin. Idan aka sauya aiki ba a sauya takardar da ke tafiyar da shi ba, tsohuwar takardar za ta jira ranarta. Ya koya mini kuma cewa sanin aiki a sashen nan sau da yawa yana hannun wanda ba ya zama a taro. Na uku kuma ya shafe ni ni kaɗai: rubutu a gefen shafi ba ya maye gurbin buɗe baki a lokacin da ake tambaya.

Saboda haka, cikin girmamawa, ina gabatar da wannan roƙo ga kwamitin ladabtarwa. Ina roƙon a dakatar da yanke hukunci kan Baba Ndagi har sai an duba rajistar umarnin aiki ta makon da abin ya faru, da kwafin da ke sito, da bayanai uku da ke neman a cire tafkin daga jerin shara. Ina roƙon a binciki inda farar takarda da shuɗiya suka shiga, da wanda ya karɓe su. Ina roƙon a cire tafkin bayan kasuwa daga wannan jeri a rubuce, a yi masa tsarin kulawa da Injiniya Rahila za ta sa wa hannu, kafin wasu baƙin su sake zuwa. Idan an sami laifi a hatimin da na buga da shirun da na yi, a shigar da shi fayil ɗina, ba zan yi jayayya ba.

A ƙarshe ina roƙon a janye tuhumar, a mayar wa dattijon nan da sunansa kafin ranar ritayarsa, a kuma buɗe masa ƙofar tafkin a cikin makon nan, domin gaɓar arewa ba za ta jira zaman kwamiti ba, kuma shi bai ga jemarsa ba tun da ta tofo.

Rajistar tana hannuna, shafin yana nan yadda na rubuta shi. A sake yi mini tambayar da aka yi ran Alhamis ɗin nan. Wannan karon zan amsa.